Haba Yallaɓai, Kai Ma Gidan Badamasi Kake Kallo?

Jiya bayan mun idar da sallar azahar mun dawo ofis, babu wuta, fayil ɗin da nake jira tun ranar Litinin bai sauko daga sama ba, sai na jingina da kujera na kunna Gidan Badamasi a waya ina ɓarar gyaɗa. Lokacin hutu ne fa, kada wani ya kai ni gaba. Ina cikin dariya sai ga wani matashin ma'aikaci da ke ƙarƙashina ya shigo da takarda. Ya leƙa wayar, ya ja da baya, ya kama baki ya ce, "Haba Yallaɓai, kai ma? Da digirinka da komai?"

Na ce masa, "To malam, kai me kake kallo?" Ya gyara tsayuwa ya fara lissafo mini: Money Heist, Prison Break, Game of Thrones kuwa sau biyu ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Na tambaye shi ko ya taɓa zama ya kalli kashi ɗaya cikakke na Kwana Casa'in. Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba ya ɓata datarsa a kan shirmen Hausa. Na sa masa hannu a takardarsa ya fita. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har na koma gida, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Yaron nan ba shi kaɗai ba ne. Mu 'yan boko na Arewa muna da wata cuta, wato mu ga cewa wayewa ita ce ka raina duk abin da aka yi da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan uwanmu da ba su da wata magana in an ambaci fim ɗin Hausa sai "ɓata tarbiyya". Kun dai tuna watan Mayun 2025, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ba a kai mata su ta tace ba kafin a sake su. Magana ce ta bin ƙa'ida, irin wadda mu ma'aikata muka sani sarai. Amma ku duba murnar da aka yi ta yi a Facebook a ranar. Wani ya ce Allah ya raka taki gona, wani ya ce dama a rufe masana'antar baki ɗaya. Ɗan boko mai raini da ustazu mai tsine-tsine, waɗanda ba su cika haɗuwa a inuwa ɗaya ba, ranar sun sha shayi tare. Kuma in ka bincika, abin da ya haɗa su ɗaya ne: dukkansu ba su kalla ba.

To ni na kalla. Kuma ina faɗa da babbar murya cewa a 'yan shekarun nan, Kwana Casa'in da Daɗin Kowa da Gidan Badamasi sun faɗa wa Arewa gaskiya fiye da tarukan ƙara wa juna sani da muke shiryawa a otal, mu ci shinkafa da kaza, mu sa hannu a takardar alawus, mu watse.

Bari in fara da Kwana Casa'in, tunda shi ya taɓa ni a inda nake cin abinci. Arewa24 ta fara nuna shi a 2019, shekarar zaɓe. An ƙirƙiri wata jiha da ake kira Alfawa, aka ba ta gwamna, Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen jan kafet yana riƙe da fayil yana jiran Mai Girma ya fito, ya san Bawa Maikada. Ya san wannan murmushin da ba ya kaiwa ido. Ya san yadda uwargidan gwamna, wadda ba wanda ya zaɓe ta, take da ƙarfin da kwamishina ba shi da shi. Ya san ɗan jaridar da ake kira da daddare a ce masa ya sauke labari, da wanda ya ƙi saukewa irin Sahabi, da abin da ke biyo baya. Ya san 'yan daban da ake ciyarwa kafin zaɓe a manta da su bayan rantsuwa. Abin da ya fi burge ni ma shi ne marubutan ba su tsaya a kan cewa wancan mugu ne, wannan na Allah ne ba. Sun kawo Malam Adamu, mutumin kirki, suka ɗora shi a kan kujerar, sannan suka bar mu muna kallon yadda 'yan jam'iyya da dangi da masu kuɗin da suka yi masa hidima suka yi masa zobe. Wannan darasi ne da mu da ke cikin gwamnati muka sani tun tuni amma ba ma iya faɗa: canza mutum ɗaya a sama ba ya canza hanyar da fayil ke bi.

Na yi shekara kusan ashirin ina aikin gwamnati. Na ga takardar kwangila ta taso daga sama an riga an rubuta sunan wanda zai ci, mu aikinmu kawai mu shirya takardun da za su nuna kamar an yi gasa. Na ga an ajiye fayil ɗin garatutin tsoho a ƙarƙashin tebur wata takwas saboda bai "gaisa" ba, har ya rasu 'ya'yansa suka ci gaba da sintiri. Ban isa in hau Facebook in kama suna ba, ina da iyali, kuma dokar aiki ta ɗaure mini baki. Amma ran da na ga irin wannan a Alfawa, matata na gefe tana tsintar shinkafa, sai ta ɗago ta ce, "Abban Khalifa, dama haka kuke yi?" Shekara goma sha biyar muna tare ban iya yi mata bayanin aikina ba, fim ya yi mata a dare ɗaya.

Abin haushin, irin yaron ofis ɗinmu in ka ce masa Yes Minister zai jinjina kai ya ce ai wannan gwanin fim ne. Kuma gaskiya ne, ni ma ina son sa ƙwarai. BBC ta fara nuna shi a 1980, labarin minista Jim Hacker ne da babban sakatarensa Sir Humphrey, wanda ya iya juya minista kamar waina da dogon Turanci har ministan ya sa hannu a abin da bai yi niyya ba. Duk ma'aikacin da ya kai matakin darakta ya kamata ya kalle shi, zai ga kansa tsirara. Margaret Thatcher, tana kan kujerar firaminista, ba ta ɓoye cewa tana son shirin ba, alhali gwamnati ake yi wa shaguɓe. To don Allah mene ne bambancin aikin da Yes Minister ya yi wa Ingila da wanda Kwana Casa'in ya yi mana? Wancan an yi shi da Turancin Landan, wannan da Hausar Kano. In Bature ya yi wa gwamnatinsa dariya sai mu ce hikima, in Bahaushe ya yi sai mu ce shirme.

Sai Gidan Badamasi, wanda aka kama ni da shi. E, barkwanci ne, akwai ihu, akwai kokawa, akwai wauta. Falalu Ɗorayi bai ce wa kowa lacca zai yi ba. Amma ku cire dariyar ku dubi ƙashin labarin. Tsoho ne mai dukiya, maƙo kamar me, ya yi aure-aure ya yi saki-saki, ya tara 'ya'ya a gari-gari waɗanda wasunsu ba su ma san juna ba, bai rene su ba, bai yi musu tarbiyya ba. Da tsufa ya kama shi yana kan keken guragu sai ya tara su a gida ɗaya, su kuma ba abin da ya kawo su sai abin da za su samu. Kowa na yi wa tsoho ladabin ƙarya yana ƙirga kwanakinsa. Ɗankwambo na ƙulla tasa, Bazuka na zare ido. Jama'a, wace unguwa ce babu gidan Badamasi a cikinta? Ku je kotun shari'a ranar da ake zaman rabon gado ku ga 'yan uba suna nuna wa juna yatsa a gaban alƙali a kan kango ɗaya. Ni a danginmu an yi shekara shida ba a gaisawa a kan gona. Malamai sun yi wa'azi a kan auri-saki har muryarsu ta dushe, kuma Allah ya saka musu. Sai dai mutumin da zai canza tasha in an fara wa'azi, shi ne zai zauna ya ƙyaƙyata dariya a kan Alhaji Badamasi, can cikin dare kuma abin ya dawo masa, ya tuna yaran da ya bari a wurin tsohuwar matarsa bai san ajin da suke ba.

Daɗin Kowa kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, shekara da shekaru yana cikin ɗakunanmu. Shi ne shirin da ya fito da talaka a yadda yake, da katangar ƙasa da buta da tabarma, ba talakan fim mai jan baki ba. Rigimar Kamaye da Adama rigimar gidan haya ce da kowa ya taɓa ji ta bayan katanga. Malam Nata'ala da almajiransa sun sa mun yi dariya, sun kuma sa mun ji kunya. An nuna mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu suka zo neman mafaka, an nuna shaye-shayen matasa, an nuna Stephanie, Kirista, tana zaune cikin Musulmi a matsayin 'yar gari ba baƙuwa ba. Ni na yi makaranta da irin su Stephanie, na yi aiki da su, amma kafin Daɗin Kowa ban cika ganinsu a fim ɗin Hausa a matsayin mutane masu suna da iyaye da damuwa ba.

Kada wani ya ɗauka na zo wanke 'yan fim ne tas. A'a. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun da aka gano cewa YouTube na biya, kowa ya koma dogon zango, labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi kamar ƙosan roba har kashi ɗari. Mutum zai fito daga mota, a nuna shi yana rufe ƙofa, yana tafiya, yana hawa bene, yana sallama, minti huɗu sun tafi ba a ce komai ba. Rabin fina-finan a gidan sama ake yin su, kowa Alhaji, kowa na da kamfani, ba wanda aka taɓa gani yana aikin da ya kawo kuɗin. Ana tsakiyar kuka sai a yanke a saka tallar maganin mata ko na basir, kana zaune da 'ya'yanka ka rasa inda za ka sa ido. In suka zo nuna ofis kuwa, nan ne nake tashi in sha ruwa: an kori ma'aikaci da baki a tsaye, babu takardar tuhuma, babu kwamitin ladabtarwa, wai shi ke nan ya tafi. Ko ni da nake da masinja ɗaya ban isa in yi masa haka ba. Kotunsu ma haka, lauya na ihu kamar mai tallar gwanjo. Me zai hana a ɗauki tsohon akawu ko tsohon rajistara a ba shi ɗan wani abu ya duba rubutun kafin a ɗauka?

Labarina na Aminu Saira ya ɗaga darajar hoto da sauti, wannan ba a musu, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya yi wasan da ko a ina aka kai shi za a tafa masa. Amma ni a ganina an ja zaren Sumayya har ya fara tsinkewa. Izzar So na Lawan Ahmad ya tara jama'a ba kaɗan ba, iyayenmu mata na son Umar Hashim kamar ɗan cikinsu, sai dai ni mutumin da ba ya kuskure ko sau ɗaya yana gajiyar da ni. Wannan ra'ayina ne, kuna iya jifana a ƙasa. Abin da nake so a lura shi ne, duk wannan sukar da na yi, na yi ta ne bayan na kalla. Wanda ya kalla ya ce an ja labari, gyara yake nema. Wanda bai kalla ba ya ce shirme, kansa yake yabo.

Yanzu bari in juyo kan masu maganar tarbiyya, kuma da girmamawa, don da yawansu yayyena ne da malamaina. Na yarda akwai abin gyara, na yarda a tace. Amma fisabilillahi, ran da aka dakatar da Daɗin Kowa, yaranku barci suka yi da wuri? Littafi suka ɗauka? Rimot suka danna suka koma fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, inda ake rawa a cikin ruwan sama ana durƙusa wa gunki, duk da harshenmu. Ko suka ɗauki wayar uwarsu suka shiga inda babu hukumar da ta isa ta tace. Mun tsaya muna gadin ƙofar gida da sanda, ɓarawo ya daɗe da shigowa ta taga.

Ga abin da ya faru a gidana, don kada a ce ina hango na wani ina taka nawa. Kwanaki na dawo daga aiki na tarar da ɗana ɗan shekara tara a falo yana kallon katun a waya, yana dariya. Na wuce abina, a raina ina cewa ai katun ne. Sai kunnena ya tsinci wata kalma da ko a tasha ba a faɗarta a gaban manya. Na dawo na karɓi wayar: Family Guy ne. Iyaye, don Allah ku saurare ni a nan. Ba kowane katun ne na yara ba. Mu da muka tashi da Tom and Jerry, kyanwa na bin ɓera ba a ko magana, mun ɗauka duk abin da aka zana haka yake. To a Amurka akwai katun da manya ake yi wa, da gangan. The Simpsons, wanda aka fara a 1989, shi ne mai sauƙi-sauƙin cikinsu, kuma babba mai jin Turanci zai ƙaru da yadda yake caccakar rayuwar Amurkawa. South Park da ya zo a 1997 da Family Guy a 1999 kuwa, batsa da izgili ga addini su ne jarinsu, su kansu masu yin sa ba su ce a ba yara ba. Ni da digirin da ake yi mini gori da shi, a falona, da datar da na saya da albashina, ɗana yake kallon wannan. Kamaye bai taɓa koya masa zagi ba.

Kuma akwai wata asarar da ba ma lissafawa. 'Yata ƙarama ta iya waƙoƙin katun na Turanci kafin ta iya gaishe da kakarta yadda ya kamata. Ran da muka je gida, tsohuwa ta ce mata "ina gajiya", yarinya ta tsaya tana kallona in fassara. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage. Tun daga lokacin na sa doka, in za a kalli wani abu da daddare tare za a kalla, kuma da Hausa. A bakin 'yan Daɗin Kowa ta fara jin karin magana, har ta zo tana tambayata ma'anar "gani ga wane". Mu miliyoyi ne masu wannan harshe, daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi, amma ku lissafa mini katun na Hausa masu kyau da za ku iya ajiye yaro a gabansu awa ɗaya. Masu kuɗinmu sun gwammace su gina wani gidan mai a kusa da gidan mai.

Abin da ya fi ci mini rai a matsayina na ma'aikacin gwamnati shi ne, da can gwamnati ce ke yin wannan aikin. Mu da muka haura arba'in mun tuna lokacin da gida ɗaya ne ke da talabijin a layi, yara mu cika tsakar gida a kan tabarma, mai gida na korar mu muna dawowa. Samanja Mazan Fama daga Kaduna, Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, da Hausarsa ta bariki ya sa farar hula suka san rayuwar soja suna dariya. Ƙasimu Yero, wanda in ya murtuke fuska kai da ke gida sai ka gyara zama. Karkuzu daga Jos. Kuliya daga Kano. Gidajen gwamnati ne suka haifi waɗannan duka, da kuɗin jama'a, kuma jama'a sun ci moriyarsu. Yau kunna yawancin tashoshin jihohinmu ka gani: Mai Girma ya karɓi baƙi, Mai Girma ya yi ta'aziyya, uwargidan Mai Girma ta raba atamfa. Je ka nemi cikakken Samanja ka nuna wa ɗanka, sai dai gutsattsarin da wani bawan Allah ya ɗora a YouTube, hoto na rawa, murya na shaƙewa.

Su kansu mutanen yaya muka yi da su? Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Karkuzu da ya sa Arewa dariya shekaru aru-aru, a ƙarshen rayuwarsa ido ya tafi, sai da ya fito yana neman taimako, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya jiƙansu da rahama, shi kuma Allah ya saka masa. Ranar da kowannensu ya rasu Facebook ya cika da hotunansu, kowa na cewa an yi rashin gwarzo, da ma irin wasansu ake yi yanzu. Mutanen da ke wannan rubutun su ne dai ke kiran na yanzu 'yan iska. Ina da tabbacin a zamanin su Samanja ma akwai mai digirin da ke taɓe baki yana cewa shi sai Mind Your Language.

Da safen nan yaron ya sake shigowa da wata takardar. Na ce masa ya zauna. Na ce, "Ka ga, ban hana ka Money Heist ɗinka ba, ni ma na kalli Prison Break har na yi mafarkin ina haƙa rami. Amma ga sharaɗi: ka kalli kashi biyar na farkon Kwana Casa'in, ranar Litinin ka zo ka gaya mini wane ne Bawa Maikadan ma'aikatar nan, wane ne kuma Malam Adamu." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, so kake a kore ni?" Na ce to ashe ka san abin da ke ciki. Ya ce data ce matsalar, wata ya yi nisa. Na tura masa ta dubu ɗaya.

Fayil ɗin nan dai har yanzu bai sauko ba.